Muƙabalar Agra ta 1854: Yadda Jayayyar Kirista da Musulmi ta Koma Kan Matanin Littafi

Ilimin kare addini da hujja, wato fannin da mabiya wani addini ke tsara dalilan imaninsu, su kuma amsa sukar da waɗanda ba su yarda da shi ba ke yi masa, tsohon fanni ne a tarihin Kiristanci, domin tun ƙarni na biyu na Miladiyya malaman ikilisiya ke rubuta wa sarakunan Rum da masana falsafar Girka irin waɗannan littattafai. Bayyanar Musulunci a ƙarni na bakwai ta kawo wa fannin abokin jayayya na daban, saboda a karo na farko Kiristoci sun fuskanci addinin da ya girmama Almasihu da mahaifiyarsa, ya yarda da haihuwarsa ba tare da uba ba da kuma mu'ujizojinsa, amma ya musanta cewa shi Ɗan Allah ne, ya kuma musanta cewa an gicciye shi. Batutuwan jayayyar ba su canza sosai ba tun daga wancan zamani. Abin da ke canzawa shi ne irin hujjar da ake dogaro da ita da kuma ɓangaren da mulki ke hannunsa, kuma babu inda wannan canji ya fito fili kamar birnin Agra na arewacin Indiya, inda a ranakun 10 da 11 ga Afrilun 1854 wani ɗan mishan Bajamushe, Karl Gottlieb Pfander, ya zauna da malamin Musulunci Shaihu Rahmatullahi Kairanawi a gaban ɗaruruwan mutane.

Muƙabala, wato zaman da malamai biyu masu saɓanin fahimta ke yi a gaban jama'a ko a gaban mai mulki kowa ya baje hujjarsa, ta daɗe tsakanin addinan biyu. A ƙarni na takwas Yohanna na Dimashƙu, wanda iyalinsa suka yi wa halifofin Banu Umayya aikin baitulmali, ya rubuta da Girkanci yana lissafa Musulunci cikin ɓatattun ƙungiyoyin da suka kauce wa koyarwar ikilisiya. Wajen shekarar 781 kuma Timoti na Ɗaya, shugaban Ikilisiyar Gabas, ya yi zaman kwana biyu da Halifa al-Mahdi a Bagadaza, ya bar labarin zaman da harshen Suriyanci, inda ya yaba wa Annabi Muhammadu (SAW) kan fitar da mutanensa daga bautar gumaka ba tare da ya bar aƙidarsa ta Kirista ba. Malaman Kirista da suka biyo baya, irin su Abu Ƙurra bishop na Harran da Abu Ra'ita na Tikrit da Ammar al-Basri, sun rubuta da Larabci suna amfani da kalmomin ilimin tauhidi na Musulmi, suna cewa Allah rayayye ne mai magana tun azal, don haka Kalmarsa da Ruhunsa ba baƙi ba ne ga zatinsa. Malaman Musulunci kamar al-Jahiz da Abu Isa al-Warraƙ, daga baya kuma Ibnu Taimiyya, sun mayar musu da martani a kan wannan turba. Nauyin jayayyar a wancan zamani yana kan aƙida da hankali: ta yaya ɗaya zai zama uku, kuma ta yaya wanda ba shi da farko zai shiga cikin mahaifa.

Akwai kuma batun tahrifi, wato zargin cewa Ma'abota Littafi sun jirkita abin da aka saukar musu, sai dai malaman Musulunci na da ba su haɗu a kan ma'anarsa ba. Wasu sun ce tahrifin lafazi ne, ma'ana an taɓa kalmomin littafin da kansu, kuma wanda ya fi kowa tsananta wannan ra'ayi shi ne Ibnu Hazam na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya kuma bi Attaura da Linjila yana tattara wuraren da ya ga suna karo da juna. Wasu kuwa sun ce tahrifin ma'ana ne, wato kalmomin suna nan amma an karkatar da fassararsu, kuma a Indiya kanta babban malamin Delhi, Shah Waliyullahi, wanda ya rasu a 1762, ya karkata ga wannan fahimta ta biyu. Wannan saɓani yana da muhimmanci ga abin da ya faru a Agra, domin a can ne ra'ayin farko ya samu hujjojin da Ibnu Hazam bai taɓa samu ba, kuma daga Turai suka zo.

Pfander da Ma'aunin Gaskiya

An haifi Pfander a 1803 a garin Waiblingen na yankin Württemberg a kudancin Jamus, cikin al'ummar Furotesta masu fifita tuba da tsarkin zuciya da karatun Littafi Mai Tsarki a kan muhawarar falsafa. Bayan ya yi karatu a makarantar mishan ta Basel, an tura shi Shusha a yankin Karabak, wanda ke ƙarƙashin Rasha a lokacin, inda ya koyi Armeniyanci da Turkanci da Farisanci, ya kuma yi tafiye-tafiye zuwa Bagadaza da ƙasar Farisa. A can ya rubuta littafin da ya yi suna da shi, Mizanul Haƙƙi, wato Ma'aunin Gaskiya, wanda ya kammala da Jamusanci a 1829, aka kuma buga shi da Farisanci a 1835. A wannan shekarar ce gwamnatin Rasha ta hana mishan ɗin Basel aiki a yankin, sai Pfander ya nufi Indiya, ya shiga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila da aka fi sani da CMS, ya sauka Agra a 1841.

Littafin ya kasu kashi uku. Kashi na farko yana ƙoƙarin tabbatar da cewa ba a shafe hukuncin Attaura da Zabura da Linjila ba, ba a kuma jirkita su ba, kashi na biyu yana bayyana koyarwar Kirista game da Allah da zunubi da ceto, na uku kuma yana auna Alƙur'ani da annabcin Annabi Muhammadu (SAW) da ma'aunin da marubucin ya shimfiɗa tun a gabatarwa, wato cewa wahayi na gaskiya dole ya biya bukatar ruhin ɗan Adam ta sanin gaskiya da samun gafara da tsarkin zuciya. Ƙarfin littafin yana cikin shigarsa, domin an rubuta shi da salon littattafan malamai, cike da kalmomin Larabci da Farisanci da ambaton ayoyi da hadisai, ta yadda mai karatu Musulmi ba zai ji baƙunta ba sai ya yi nisa. Rauninsa kuma yana kashi na uku, inda Pfander ya maimaita tsofaffin zarge-zargen Turai game da aurarrakin Annabi da yaƙoƙinsa cikin lafazin da babu Musulmin da zai karanta ransa bai ɓaci ba, abin da ya rufe kunnuwan da kashi na biyu ke neman buɗewa.

Agra ta lokacin tana hannun Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila, ita ce kuma hedikwatar lardunan arewa maso yamma. Dokar 1813 ta buɗe wa 'yan mishan ƙofar ƙasar, an sauke Farisanci daga matsayin harshen kotuna a shekarun 1830, kuma bayan yunwar 1837 zuwa 1838 mishan ta tara marayu a Sikandra kusa da Agra tana renonsu a kan Kiristanci, a nan kuma aka kafa maɗaba'ar da ke buga littattafan Pfander da Urdu. Manyan jami'an gwamnati irin su William Muir, wanda daga baya ya rubuta tarihin Annabi da ƙarfafawar Pfander, ba sa ɓoye goyon bayansu ga aikin mishan. Sa'ad da wasu fitattun mutum biyu 'yan Hindu a Delhi, malamin lissafi Ramchandra da likita Chaman Lal, suka karɓi baftisma a 1852, malaman Musulunci sun fahimci cewa lamarin ya wuce marayu da talakawa, ya iso ga masu ilimi. Duk wanda ya karanta tarihin wannan muƙabala ba tare da wannan yanayi a zuciyarsa ba zai kasa gane zafinta, domin ga Musulmin Agra littafin Pfander da ikon Kamfani abu ɗaya ne, ko da kuwa shi Pfander yana ganin kansa mai wa'azi ne kawai.

Martani na farko ya fito daga Lucknow da Agra a shekarun 1840, mafi girma a ciki shi ne Kitabul Istifsar na Ali Hasan a 1845. Amma wanda ya ɗauki nauyin fuskantar Pfander ido da ido shi ne Rahmatullahi, wanda aka haifa a 1818 a garin Kairana, ya yi karatu a Delhi da Lucknow, ya ƙware a Larabci da Farisanci da fiƙihu da manɗiƙi. Bai iya Turanci ba, kuma a nan ne abokin aikinsa, Dokta Muhammad Wazir Khan, likitan gwamnati a Agra wanda ya yi karatun likita a Kalkata, ya cike masa giɓi. Wazir Khan ya tattara littattafan malaman Turai a kan Littafi Mai Tsarki, ciki har da gabatarwar Thomas Hartwell Horne, wanda malamin Kirista ne mai kare littafin, da littafin David Friedrich Strauss a kan rayuwar Yesu, wanda ya fito da Jamusanci a 1835 ya girgiza jami'o'in Jamus, aka kuma juya shi zuwa Turanci a 1846.

Abin da waɗannan littattafai suka ƙunsa shi ne sakamakon ilimin tantance matani, wato kwatanta tsofaffin kwafe-kwafen littafi da aka rubuta da hannu domin gano inda masu kwafa suka yi tuntuɓe, ko suka ƙara kalma, ko suka tsallake layi. Malaman Kirista ne da kansu suka kafa wannan ilimi domin su kusanci asalin matanin Sabon Alkawari, kuma tun 1707 John Mill na Oxford ya buga Sabon Alkawari na Girkanci tare da bambance-bambancen karatu wajen 30,000 da ya tattara, galibinsu na harafi ne ko jerin kalmomi. Pfander ya bar Jamus tun yana saurayi, ya kuma taso cikin da'irar da ke kallon irin binciken Strauss a matsayin kafirci, don haka bai bibiyi wannan fage ba, bai kuma yi tsammanin zai tarar da shi a bakin malaman Agra ba.

Kwana biyu a Agra

Bayan musayar wasiƙu, ɓangarorin biyu sun amince da batutuwa biyar bisa wannan jeri: nasahi, tahrifi, Triniti (aƙidar Kirista ta Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki), annabcin Annabi Muhammadu (SAW), da matsayin Alƙur'ani. Jerin kansa nasara ce ga Rahmatullahi, domin ya sa littafin abokin hamayyarsa a kan ma'auni kafin a zo kan nasa. An yi zaman a harabar makarantar mishan, da harshen Urdu, Pfander yana tare da matashin limami Thomas Valpy French, shugaban Kwalejin St John ta Agra wanda daga baya ya zama bishop na farko na Lahore, Rahmatullahi kuma yana tare da Wazir Khan. Malamai da alƙalan Musulmi da jami'an Ingila, ciki har da Muir, sun halarta, kuma taron rana ta biyu ya fi na farko yawa.

Nasahi a ilimin usulu shi ne ɗage wani hukunci na shari'a da wani hukuncin da ya zo bayansa. Pfander ya fahimci da'awar Musulmi a matsayin cewa Alƙur'ani ya soke littattafan da suka gabata ɗungurungum, ya kuma yi hujja da cewa hakan na nufin Allah ya sake shawara, abin da bai dace da kamalarsa ba. Rahmatullahi ya nuna masa cewa malaman Musulunci ba haka suke nufi ba, domin nasahi bai shafi labarai ko aƙida ba, hukunce-hukunce na aiki kaɗai yake shafa, kuma ma'anarsa ita ce wa'adin da Allah ya ɗibar wa hukuncin tun farko ya cika. Daga nan ya kawo misalai daga Littafi Mai Tsarki kansa: kaciya, da Asabar, da haramcin wasu nau'o'in nama, da hukuncin saki, waɗanda Attaura ta shar'anta amma Kiristoci ba sa aiki da su yadda suke. Pfander ya yarda cewa wasu dokokin Attaura ba sa kan Kirista, amma ya ce a fahimtar ikilisiya cika su aka yi cikin Almasihu, kuma ya tsaya a kan cewa maganar Almasihu ba ta shafuwa. A wannan gaɓa jayayyar ta tafi da tsabta, domin an fayyace ma'anar kalma kafin a yi hukunci da ita.

A kan tahrifi ne al'amarin ya rikice. Wazir Khan ya fara da jerin kakannin Yesu a babi na farko na Linjilar Matiyu, inda aka raba zuriyar kashi uku kowanne tsara 14, alhali idan an kwatanta da Tsohon Alkawari za a ga an tsallake sarakuna uku tsakanin Yoram da Azariya, kashi na ƙarshe kuma bai cika 14 ba sai an maimaita suna. Sannan aka kawo aya ta 7 ta babi na 5 a wasiƙar Yohanna ta fari, wadda a fassarorin lokacin take ambaton Uba da Kalma da Ruhu Mai Tsarki a matsayin shaidu uku a sama. Wannan jimla babu ita a tsofaffin kwafe-kwafen Girkanci, malamin Turai Erasmus bai sa ta a bugunsa na Sabon Alkawari na 1516 da na 1519 ba, sai a bugun 1522 ya shigar da ita bayan matsin lamba, kuma malaman Turai sun daɗe da sanin haka. Pfander da French ba su da halin musanta abin da littattafan cocinsu suka rubuta, don haka suka yarda cewa akwai 'yan wurare ƙalilan da aka samu ƙari ko canji daga masu kwafa, suka ƙara da cewa babu wata koyarwa ta Kirista da ta rataya a kansu, kuma Triniti yana da tushe a wurare da dama ban da wannan aya. Rahmatullahi ya amsa da cewa takardar da aka tabbatar an taɓa ta a wuri ɗaya ba ta da sauran amana a gaban alƙali, ya kuma nemi jama'a su shaida cewa an amsa tahrifi. Pfander ya ce ba zai ci gaba ba sai an kawo masa kwafin Linjilar da ba a jirkita ba a kwatanta, a nan zaman ya watse, ba a taɓa sauran batutuwa uku ba.

Musulmin Agra sun ɗauki abin a matsayin nasara bayyananniya, aka buga rahotanninsa da Urdu da Farisanci suka bazu, 'yan mishan kuma suka buga nasu bayanin suna cewa ba a rushe komai daga hujjarsu ba. Masu binciken tarihi na baya-bayan nan, irin su Avril Powell da ta yi nazari mai zurfi a kan wannan zamani, sun nuna cewa Pfander ya shiga zaman ba tare da shirin fuskantar hujjojin da aka kawo masa ba. Sai dai tambayar wanda ya yi nasara ba ta kai muhimmancin wata tambayar ba, wato ko mutanen biyu abu ɗaya suke nufi da kalmar wahayi.

A aƙidar Musulunci, wahayi saukarwa ce: Allah ya yi magana, Mala'ika Jibrilu ya isar, Annabi ya karanta yadda ya ji, kuma lafazin da ma'anar duka na Allah ne. Linjila a wannan fahimta littafi ne da aka saukar wa Annabi Isa (AS) kamar yadda aka saukar da Alƙur'ani, don haka da Musulmi ya buɗe Sabon Alkawari ya tarar da labarai huɗu na Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, da wasiƙun Bulus, ya riga ya ga abin da bai yi kama da saukakken littafi ba tun kafin a zo maganar kuskuren masu kwafa. A aƙidar Kirista kuwa, Kalmar Allah ta har abada mutum ta zama, wato Almasihu kansa, kuma littattafan shaida ce game da shi wadda mutane suka rubuta da harshensu da salonsu ƙarƙashin jagorancin Ruhu Mai Tsarki. Bisa haka abin da ya yi daidai da matsayin Alƙur'ani a wurin Kirista shi ne Almasihu, abin da kuma Linjiloli huɗu suka fi kama da shi a tsarin ilimin Musulunci shi ne sira da hadisi, inda ruwayoyi kan bambanta a lafazi ba tare da an ce labarin ƙarya ne ba. Sa'ad da Pfander ya ce ma'ana ba ta taɓu ba, yana magana ne da gaskiyar zuciyarsa bisa ma'auninsa, kuma sa'ad da Rahmatullahi ya ce harafi ɗaya ya isa, shi ma gaskiyar ma'auninsa yake faɗi. Babban abin takaici a zaman Agra shi ne an fayyace ma'anar nasahi amma ba a fayyace ma'anar wahayi ba, alhali a kanta komai ya rataya.

Hujjar da masu kare Kiristanci suka fi riƙewa bayan Agra daga Alƙur'ani suka ɗauko ta. Muir ya wallafa ɗan littafi yana tattara ayoyin da ke ambaton Attaura da Linjila da girmamawa, musamman na Suratul Ma'ida da ke umartar ma'abota Linjila su yi hukunci da abin da ke cikinta, da ayar Suratu Yunus da ke nuni ga tambayar masu karanta littafin da ya gabata. Tsarin hujjar shi ne: idan an jirkita littafin kafin zuwan Annabi, me ya sa aka mayar da mutane gare shi, idan kuma bayansa ne, kwafe-kwafen da suka girmi Musulunci suna nan a kwatanta. Malaman Musulunci sun amsa da ayar Suratul Baƙara da ke zargin masu rubuta littafi da hannuwansu su jingina shi ga Allah, da cewa Alƙur'ani mai gaskatawa ne kuma mai sa ido a kan abin da ya gabace shi, da kuma cewa Linjiloli ba su da isnadi, wato sarƙar maruwaita sanannu da ke komawa ga marubucin ba tare da yankewa ba.

Daga Agra zuwa Makka, Durban da Kano

Shekara uku bayan muƙabalar, boren 1857 ya tashi a kan mulkin Kamfani, Rahmatullahi ya shiga cikinsa a yankin Kairana, kuma da aka murƙushe boren aka ƙwace dukiyarsa, ya tsere zuwa Makka, inda malamin Shafi'iyya Ahmad Zaini Dahlan ya karɓe shi. Pfander kuwa an mayar da shi Peshawar, daga nan Istanbul, inda yaɗa littafinsa ya fusata hukumomin Daular Usmaniyya har suka rufe wuraren mishan a 1864. Sarkin Daular Usmaniyya Abdul'aziz ya gayyaci Rahmatullahi Istanbul, a can ya rubuta Izharul Haƙƙi da Larabci a wannan shekarar, cikin babi shida da suka haɗa batutuwan Agra biyar da bayani kan littattafan Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, ya kuma kasa tahrifi gida uku: na musanyawa, na ƙari, da na ragi. Pfander ya rasu a Ingila a 1865. Rahmatullahi ya koma Makka ya kafa makarantar Saulatiyya, ya rasu a can a 1891, shekarar da French ma ya rasu a Maskat yana wa'azi.

Sakamakon bai tafi fuska ɗaya ba. Imaduddin Lahiz, wanda ya halarci zaman a ɓangaren Musulmi, ya karɓi baftisma a Amritsar a 1866, ya zama limamin coci, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana rubuta raddi ga tsofaffin abokansa. Sayyid Ahmad Khan kuma, wanda daga baya ya kafa kwalejin Aligarh, ya fara wallafa sharhin Littafi Mai Tsarki a 1862 yana kare ra'ayin tahrifin ma'ana. Amma hanyar Rahmatullahi ce ta yi rinjaye a tsakanin jama'a, kuma wanda ya kai ta ko'ina a ƙarni na 20 shi ne Ahmed Deedat, haifaffen Indiya a 1918 wanda ya girma a Afirka ta Kudu, ya kuma sha faɗin cewa kwafin Izharul Haƙƙi da ya tsinta lokacin da yake aikin kanti kusa da makarantar Adams Mission ne ya buɗe masa wannan fage. Cibiyarsa ta Durban ta buga ƙananan littattafai ana rabawa kyauta, kuma muƙabalarsa da mai wa'azin Kirista Jimmy Swaggart a Amurka a 1986, wadda batunta shi ne ko Littafi Mai Tsarki maganar Allah ce, maimaici ne na rana ta biyu a Agra a gaban kyamara.

Ta wannan ƙofa jayayyar ta shigo ƙasar Hausa da ƙarfi. A zamanin Turawa gwamnati ta taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, ta yadda ko Dokta Walter Miller na CMS, wanda ya zauna a Zariya ya kuma jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, bai samu irin dandalin da Pfander ya samu ba. Kaset-kaset na bidiyo na Deedat a shekarun 1980 su suka koya wa matasa a Kano da Kaduna da Jos ambaton babi da aya na Linjila, masu wa'azin Kirista kuma suka koyi yin haka da Alƙur'ani. Haɗarin wannan salo a hannun marasa zurfin karatu ya bayyana a watan Maris na 1987, sa'ad da saɓani kan yadda wani mai wa'azi ya fassara ayoyin Alƙur'ani a taron ɗalibai Kirista a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya rikiɗe zuwa tarzomar da ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka yi asarar rayuka da wuraren ibada. Pfander da Rahmatullahi kuwa, duk da kaifin harshensu, sun amince da sharuɗɗan zama a rubuce kafin su buɗe baki.

Ilimin tantance matani kansa bai tsaya inda yake a 1854 ba. A 1859 Constantin von Tischendorf ya fito da kundin Sinai daga gidan ibadar Katarina, cikakken Sabon Alkawari na Girkanci da aka kwafa a ƙarni na huɗu, kuma sabuwar fassarar Turanci ta 1881 ta cire jimlar wasiƙar Yohanna da aka yi jayayya a kanta, kamar yadda fassarori na zamani ke sa alama a ƙarshen Linjilar Markus da labarin mazinaciya a Linjilar Yohanna. Musulmi na kallon wannan a matsayin tabbacin abin da Rahmatullahi ya faɗa, Kirista kuma na kallonsa a matsayin shaidar cewa da kwafe-kwafen Girkanci fiye da 5,000 ana iya gano ƙarin a cire shi a fili. Masu kare Kiristanci na yau sun juya makamin kan Alƙur'ani, suna kafa hujja da labarin tattara Mus'hafi a zamanin Halifa Usmanu, da fatun da aka gano a Babban Masallacin San'a a 1972, waɗanda ɗaya daga cikinsu ke ɗauke da wani kankararren rubutu a ƙasa mai bambancin lafazi, da kuma bambancin ƙira'o'i. Malaman Musulunci na amsawa da cewa su da kansu suka rubuta waɗannan bambance-bambance tun kafin Ibnu Mujahid ya tsayar da ƙira'o'i bakwai a ƙarni na goma, cewa kowace ƙira'a tana da isnadinta zuwa ga Annabi, kuma hadda ce ginshiƙin kiyaye Alƙur'ani kafin takarda, suna ƙarawa da tsofaffin shafukan Alƙur'ani na Jami'ar Birmingham da gwajin kimiyya na 2015 ya sa shekarun fatarsu tsakanin 568 da 645. Wani ɓangare na wannan amsa, wato cewa masu littafin ne suka fara ƙididdige bambancin kuma bai taɓa aƙida ba, ya yi kusa ƙwarai da abin da French da Pfander suka faɗa, ko da yake Musulmi na ƙarawa da cewa ƙira'o'in saukakku ne gaba ɗaya, abin da Kirista bai taɓa da'awa ba game da tuntuɓen masu kwafa. Makarancin Hausa ya san wannan batu a aikace, domin almajirin tsangaya da ruwayar Warshu yake wanke allonsa, ɗalibin Islamiyya kuma da ruwayar Hafsu yake karatu a bugun Masar ko na Madina, su kuma yi sallah sahu ɗaya bayan limami ɗaya.